Saɓanin Malamai A Tamale Da Darasin Da Ke Cikinsa Ga 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Sabonjida ya san ba ya bukatar agogo don ya tashi sallar Asuba. Tun kafin alfijir ya keto kiran salla ke tashi daga masallatan unguwar, ya haɗu da na Zogbeli da Aboabo da Tishigu, har baƙon da ya sauko daga mota cikin dare ya tabbatar cewa garin Musulmi ya shigo. Wannan ni'ima ce babba, muna kuma yi wa Allah godiya a kanta. Sai dai duk shekara idan watan Azumi ya ƙarato, mu da muke aiki a gidajen rediyon al'umma gabanmu kan riƙa faɗuwa, domin mun san cewa lasifikokin nan da ake kiran mutane zuwa ga Allah da su, da su ne kuma wasu za su ɗauka su shiga yi wa juna habaici da gugar zana da sunan tafsiri.

A Azumin da ya wuce, a cikin wani shiri da muke buɗe wa masu sauraro layin waya, wani matashi ya bugo, maimakon ya yi tambaya sai ya kama sunan wani babban malami ya shiga zagi. Mun katse layin, mun ba da haƙuri, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Washegari a kasuwar Aboabo muka tarar da wasu dattawa biyu suna cacar baki a kan wannan magana. Shekara da shekaru ɗaya na turo wa ɗaya albasa daga Bawku, ya sayar ya aika masa da kuɗinsa, ba takarda ba shaida. A ranar dai aka rabu baram-baram, mai kayan ya ce a sauke masa buhunansa a wata rumfar. Babu wanda ya ci wa wani ko sisi a cikinsu. Abin da ya raba su kawai shi ne kowa da malaminsa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatu, musamman 'yan'uwanmu fatake da ke zirga-zirga tsakanin Tamale da Paga da Bawku da Sinkasi da Tatale, mu duba inda wannan saɓani ya samo asali, da abin da addini ya tanada game da shi, da kuma wanda ke kwana ciki duk lokacin da abin ya ɓaci.

Asalin saɓanin

Saɓanin malamai a Tamale ya girmi yawancin masu tada jijiyar wuya a kansa yau. Shekaru aru-aru Musulunci ya zauna a ƙasar Dagomba tare da sarauta, malamai suna yi wa sarakuna addu'a, suna limanci, suna raɗin suna da jana'iza. A farkon shekarun 1950 Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya ziyarci wannan ƙasa tun tana Gwalkwas, ɗarikar Tijjaniyya ta samu sabon jini, zawiyoyi suka cika da masu wazifa da zikirin Juma'a. Daga cikin waɗanda suka yi fice wajen yaɗa wannan tafarki akwai Malam Abdullahi Maikano Jallo na garin Prang, wanda ya rasu a 2005.

A daidai wannan lokaci ne kuma Alhaji Yusuf Salihu Ajura, wanda aka fi sani da Afa Ajura, ya tashi da nasa wa'azin. Shi ne ya kafa makarantar Anbariyya, ya gina masallacinsa a Sakasaka, ya riƙa karantarwa da harshen Dagbanli a fili da kuma cikin waƙoƙi. Ya soki duba da tsubbu da laya, ya soki almubazzaranci a wajen jana'iza, ya kuma soki wasu aƙidu da wuridai na Tijjaniyya. Mutanen ɗarika suka sa wa mabiyansa suna Munchire, wato munkirai, masu inkari. Su kuma ana kiransu Nawun-nyarba, wato masu ganin Allah. A shekarun 1960 abin ya kai ga muƙabala tsakanin malamai, ya kai ga jifa da doke-doke tsakanin mabiya, masallacin Juma'a ya rabu, aka samu gidajen da wa da ƙane ba sa bin juna salla.

Adalci shi ne mu faɗi alherin kowane ɓangare. Malaman ɗarika ne suka riƙe karatun allo da na zaure, suka kai Musulunci ƙauyukan da babu wanda ya isa can kafinsu. Anbariyya kuma ta buɗe makarantun Islamiyya na zamani, ta tura ɗalibai Jami'ar Madina, ta sa talaka ya fara tambayar hujja. Afa Ajura ya rasu a watan Disamba na 2004, Shaikh Sa'id Abubakar Zakariyya ya gaje shi, kuma a 2021 wata babbar jami'a a Amurka, wato Yale, ta buga fassarar rubuce-rubucensa da Ingilishi. Abin da muke son mai karatu ya lura da shi shi ne, manyan da suka soma wannan muhawara duk sun koma ga Ubangijinsu, can za a yi musu hisabi da abin da suka nufa. Mu da muka gaji rigimar, da yawa daga cikinmu ba mu gaji karatun ba.

Ba a Tamale kaɗai abin ya tsaya ba. A 1997 Ahlus-Sunna suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiya guda ta ƙasa bisa jagorancin Alhaji Umar Ibrahim Imam, kuma a ƙarshen shekarun 1990 an yi arangama tsakanin ɓangarorin biyu a zangunan kudu irin su Kumasi da Wenchi. Haka kuma a cikin kowane ɓangare an sake samun rarrabuwa, almajiri ya ware daga malaminsa ya gina nasa masallacin, har ta kai wani lokaci zafin da ke tsakanin 'yan gida ɗaya ya fi wanda ke tsakaninsu da na waje.

Inda siyasa da sarauta suka shigo

Da saɓanin ya tsaya a kan littafi, da da sauƙi. Abin da ya ƙara masa guba shi ne cuɗanyarsa da siyasa da kuma rikicin sarauta. Tun kafin samun 'yancin kai an san Afa Ajura da goyon bayan jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah, yayin da da yawa daga cikin abokan hamayyarsa suka karkata ga 'yan adawa. Masu nazarin tarihin Dagbon sun daɗe suna nuna cewa a Tamale an wayi gari ana jingina wannan masallaci da gidan Andani da wannan jam'iyya, wancan kuma da gidan Abudu da waccan jam'iyya. Ba kowa ne ya shiga wannan layi ba, akwai dubban mutane da suka saɓa wa wannan lissafi, amma zaton da ake yi wa juna shi kaɗai ya isa ya ɓata zumunci.

Kowa ya san inda rikicin sarautar ya kai mu. A ranar 27 ga Maris, 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a fadarsa da ke Yendi tare da mutane da dama. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da ta hana fita dare, Tamale da Yendi suka shafe sama da shekara biyu a cikinta. Gawar sarkin ba a binne ta ba sai a 2006. Kwamitin manyan sarakuna uku, Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu da Nayiri na Mamprusi da Yagbonwura na Gonja, ya yi ta kai-komo har zuwa watan Janairu na 2019 da aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu. Kusan shekara 17 ke nan Dagbon ba ta da cikakken sarki.

Wannan rikici ba na addini ba ne, ba kuma malamai ne suka haddasa shi ba. Amma ya nuna mana wani abu mai ɗaci: a ranar da al'umma ta fi bukatar muryar da kowa zai saurara, sai aka tarar an riga an yi wa yawancin muryoyin lamba. Malamin da aka sani da zama a inuwar ɗan siyasa, ranar da ya tashi yin sulhu rabin gari ne kawai ke jin maganarsa. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila, amma babu dokar da za ta hana ɗan takara ya shigo masallaci da buhunan shinkafa da sukari a watan Azumi. Abin da zai iya hana mumbari zama dandalin kamfe shi ne tsoron Allah na wanda ke kansa, da kuma idon jama'ar da ke zaune a ƙasa.

Ga 'yan kasuwa kuwa, ba sai an ba su labari ba. Wanda ya yi lodin doya ko tumatir a shekarun dokar hana fita ya san abin da ake nufi da mota ta kwana a bakin shinge kaya suna ruɓewa. Wanda ke bin hanyar Walewale zuwa Bolgatanga da Bawku tun da rikicin sarautar Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2024 ya san yadda kuɗin mota ke hawa, direba ya ce ba zai je ba, mai saye ya koma wata kasuwar. Tarihi ma ya riga ya ba mu misali. Salaga ita ce babbar kasuwar goro da kakanninmu suka riƙa zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato, amma yaƙin basasar 1892 a kan sarautar Kpembe ya watsa ta, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran garuruwa. Babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka bar garin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Har yau Salaga ba ta koma yadda take ba. Kasuwa tsuntsuwa ce, inda ta ji hayaniya ba ta sauka.

Abin da addini ya tanada game da saɓani

Ko shakka babu, Musulunci bai hana saɓanin fahimta ba. Sahabban Manzon Allah (SAW) sun saɓa yana raye a tsakaninsu. Lokacin da ya tura su zuwa Banu Ƙuraiza ya umarce su game da sallar La'asar, wasu suka fahimci a jinkirta ta sai an isa, wasu suka fahimci gaggawa ake nufi suka yi ta a hanya. Da labari ya zo masa bai aibata ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka kuma Imam Malik, wanda yawancinmu a Afirka ta Yamma mazhabarsa muke bi, Halifan Abbasiyawa ya nemi ya ɗora wa dukkan daular littafinsa Muwaɗɗa, shi da kansa ya ƙi, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa kuma kowane gari da ilmin da ya isa gare shi. Mai littafi ke nan ya ƙi a tilasta wa mutane littafinsa, to ina ga wanda bai gama karanta littafin ba?

A nan kusa da mu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana tsawata wa ɗaliban da ke saurin kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin tauhidi masu zurfi. Kuma ko a lokacin da ake yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Kanemi wasiƙu suka riƙa aika wa juna, hujja tana bin hujja, har Bello ya adana maganganun abokin hamayyarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri ba tare da ya ɓoye su ba. Shi ya sa har yau ɗalibi zai iya karanta ɓangarorin biyu ya yi wa kansa hukunci.

Wato dai raddi halal ne, wani lokaci ma wajibi ne. Idan malami ya yi kuskure a bainar jama'a, ba laifi a gyara masa, kuma girmama malami ba ya nufin ɗaukarsa ma'asumi. Amma raddi yana da sharuɗɗa. Mai yinsa ya zama ya san mas'alar, ya kawo maganar abokin saɓaninsa yadda ya faɗe ta ba ƙari ba ragi, ya tsaya a kan maganar ya bar asalin mutum da iyayensa da matansa, kuma burinsa ya zama gaskiya ta bayyana ko da a bakin wancan ne. Suratul Hujurati kaɗai ta ishe mu: ta hana izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabai, ta hana mummunan zato da bin diddigi da yi-da-wani, ta kuma umarce mu da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Mai karatu ya ɗauki waɗannan ya auna su da guntayen sautin da ake turo masa a WhatsApp, inda ake yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu, ya gaya mana nawa ne za su tsallake.

Akwai kuma darasi a cikin rigimar ƙabalu da sadalu. Dattawanmu sun ga zamanin da ake fitar da mutum daga sahu, har a fasa masa kai, don ya kama hannu a salla ko don ya sake. Yau a masallatan tashoshin mota daga Tamale har Maraɗi mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, babu mai waiwayen wani. Waɗanda aka raunata a kan wannan mas'ala, wa zai biya su? Ya kamata wannan ya sa mu yi tunani kafin mu ɗaga sanda a kan mas'alar da jikokinmu za su yi mamakin yadda aka yi faɗa a kanta.

Shugabanci amana ne

Malami shugaba ne ko da ba a naɗa masa rawani ba, kuma addini ya gaya mana kowane mai kiwo za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Wanda ya hau kujerar tafsiri gaban matasa dubu, ya san cewa a cikinsu akwai wanda bai da aiki, akwai mai zafin kai, akwai wanda ko kalma ɗaya ya ji zai ɗauke ta umarni. Ba hujja ba ce malam ya ce shi bai tura kowa ba. Wanda ya tara busasshiyar ciyawa ya ajiye garwashi kusa da ita ba zai ɗora wa iska laifi ba.

A ƙasar nan an ga misalin yadda shugaba ke kashe wuta. Shaikh Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin Ghana a 1993, ɗan Tijjaniyya ne kowa ya sani, amma bai mai da kujerar ta 'yan ɗarika kaɗai ba. A 2012 da aka tone gawar limamin zangon Hohoe, gari ya kama da wuta har aka rasa rayuka, yana cikin waɗanda suka shiga tsakani suka kwantar da hankalin matasa. A farkon Janairun 2019 da wasu matasa suka far wa wani coci a Ankara saboda fastonsa ya yi hasashen rasuwar Limamin, shi da aka taɓa shi ne ya fito ya tsawata musu, ya ce ya yafe. A watan Afrilun wannan shekara kuma, yana cika shekara 100, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a lokacin bikin Ista. Wasu malamai sun soki wannan ziyara, suna kuma da 'yancin faɗin ra'ayinsu da hujjarsu. Abin lura shi ne an yi sukar, an mai da martani, ba a ƙona rumfar kowa ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Ghana. Al'ummar da take ɗaya cikin biyar, idan ta sake rarraba kanta gida biyar, da wace murya za ta nemi haƙƙinta?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 aka yi shekaru ana ƙwace masallatai da raba aure tsakaninta da 'yan ɗarika, daga baya ita ma ta dare gida biyu. A ranar 13 ga Afrilu, 2007 aka harbe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano. Ba muna cewa Tamale ta kai can ba, Allah Ya kiyaye. Amma duk inda aka saba wa kunnen yaro da jin cewa Musulmin da ke makwabtaka da shi ba Musulmi ba ne, to an share wa masu bindiga fili.

Alfarmar masallaci

Sai batun ladabin ibada, wanda shi ne aka fi mantawa da shi. Masallaci ɗakin Allah ne, ba a gina shi don a ɗaukaka sunan wani malami ko wata ƙungiya ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hane su da cutar da juna, domin kowannensu ganawa yake da Ubangijinsa. Idan har karatun Alƙur'ani aka hana ɗaga wa mai salla murya da shi, to ina ga zage-zage? Kuma da wani baƙauye ya yi fitsari a cikin masallacin Madina, sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale shi ya gama, aka zuba ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya karantar da shi cikin taushi. Alfarmar masallaci ba ta zube ba don an yi wa jahili sauƙi.

A unguwa irin tamu, inda masallaci ke kallon masallaci, yakan faru liman yana karatun sallar Tarawihi, lasifikar makwabta ta danne muryarsa, mamu ya rasa wa zai bi. Ga mara lafiya, ga jariri, ga direban da zai kama hanyar Paga da Asuba yana bukatar barcin awa uku. A 2018 da Ministan Muhalli na wancan lokaci, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, ya ba da shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya, Musulmin ƙasar nan sun yi ca a kansa, kuma da gaskiyarsu, domin kiran salla alama ce ta addini da ba a musanya ta da saƙon waya. Amma kare kiran salla daban, sakin lasifika tun daga Isha'i har tsakar dare daban. A 2021 hukumomin Saudiyya suka taƙaita amfani da lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, suka kuma ce kada ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma cikin dalilan da suka bayar har da cewa sakin karatun Alƙur'ani a inda ba a sauraronsa rashin girmama shi ne. Ba lallai mu kwafi dokarsu ba, amma gara mu gyara da kanmu kafin wata hukuma ta zo ta gyara mana yadda ba za mu so ba.

Mu ma 'yan rediyo ba za mu wanke kanmu ba. Tun da aka sakar wa tashoshi masu zaman kansu mara a tsakiyar shekarun 1990, sayar da lokaci ga masu wa'azi ya zama babbar hanyar samun kuɗi, musamman a watan Azumi. Sau da yawa mukan karɓi kuɗin ba tare da mun tambayi abin da za a faɗa ba, idan ƙura ta tashi mu ce ra'ayin mai shiri ne. Wannan ba uzuri ba ne a wurin Allah, ko da ya zama uzuri a wurin hukuma.

Abin da ke hannun 'yan kasuwa

To, ina ruwan ɗan kasuwa da duk wannan? Ruwansa ya fi na kowa. Wa ke gina masallatan nan? Wa ke sayen lasifika da janareta? Wa ke biyan kuɗin lokacin da ake sa tafsiri a rediyo? Ba malam ba ne, alhazan kasuwa ne, masu shanu da hatsi da goro da man kaɗe da kayan masarufi. Wanda ke biyan kuɗin yana da bakin magana. Idan attajiri ya ce wa malaminsa cikin ladabi, "Allah gafarta malam, zan ɗauki nauyin karatun bana, amma da sharaɗin ba za a kama sunan kowa a zaga ba," da wuya malam ya ƙi. Idan shugabannin 'yan albasa da na 'yan shanu da na direbobi suka haɗa baki a kan wannan sharaɗi, tafsirin shekara guda ya isa a ga canji.

Na biyu, ɗan kasuwa shi ne mai ɗaukar labari daga gari zuwa gari. Da a bakinsa yake ɗauka, yau a wayarsa. Sautin da aka naɗa a Kano da safe, kafin Azahar ya iso Sinkasi, kafin Magariba ana faɗa a kansa a Aboabo, alhali waɗanda suka yi maganar ba su ma san da zaman Aboabo ba. Kafin ka tura, tambayi kanka ko ka ji farkon maganar da ƙarshenta, ko kuwa guntu aka miƙo maka. Kayan da ba ka san asalinsu ba ba ka yarda ka ɗora a motarka ka tunkari kwastan da su, to don me za ka ɗora wa wuyanka maganar da ba ka san asalinta ba ka tunkari Allah da ita?

Na uku, kada a shigar da saɓanin masallaci cikin ciniki. Fataucinmu tun zamanin ayarin goro a kan amana ya ginu: mai masauki ya riƙe wa baƙo kaya da kuɗi, dillali ya sayar, a ba da bashi daga Kumasi a biya a Wagadugu. Ba a taɓa tambayar wuridin mutum kafin a ba shi kaya, gaskiyarsa ake tambaya. Ranar da muka fara raba rumfuna da layin bashi bisa ga masallacin da mutum ke Juma'a, mun sare reshen da muke zaune a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu jiran su karɓe kasuwar suna nan a bakin ƙofa.

Muna kira ga limaman Tamale na kowane ɓangare, da sarakunan zango, da reshen Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa da aka kafa da dokar 2011, da masu gidajen rediyo, da su zauna tun kafin a ga wata, su amince da ƙa'idoji 'yan kaɗan da kowa zai iya riƙewa: ba kama suna a zaga, ba kafirta wanda ke fuskantar alƙibla a kan mumbari, a rage lasifikar waje bayan Isha'i, kuma malamin da ke da raddi ga ɗan'uwansa ya fara aika masa a rubuce ko ya taka ya same shi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana.

Dattawan nan biyu na Aboabo, mun samu labarin cewa sarkin 'yan albasa ya kira su bayan Sallah ya zaunar da su, ya tambaye su ko malaman da suke faɗa a kansu sun san sunayensu. Duka suka yi shiru. An mai da buhunan rumfarsu ta da, kowa kuma yana nan a masallacinsa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya shiryi shugabanninmu da malamanmu, Ya zaunar da Dagbon da Ghana da maƙwabtanmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.